Yadda Ake Shimfiɗa Hanyoyin Jan Ƙarfe a Allon Na'urar Daddatsa Wuta

Tun da faifan hasken rana suka yawaita a kan rufin gidaje da shaguna a nan Yamai, aikin da aka fi kawo mini shi ne na rage wutar batir. Mutum yana da batir biyu da aka haɗa suka ba da volt 24, amma talabijin ɗinsa da fankarsa da akwatin intanet duk volt 12 suke so, wayar salula kuwa volt 5. Abin da ke yin wannan aiki wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, wanda masu gyara ke kira plaket ko kart, kuma hanyar aikinsa ita ce daddatsa wuta, wato kashewa da kunnawa da matuƙar sauri. Zanen haɗinsa, wanda muke cewa shema, ba sirri ba ne, domin yana nan cikin takardar bayanin da kamfani ke fitarwa tare da kowane guntun sarrafawa, wato ɗan ƙaramin kayan lantarkin da ke yin kashewar da kunnawar. Duk da haka sai ka ga mutum biyu sun kwafi shema ɗaya, sun sayi kaya iri ɗaya a kasuwar Katako, allon ɗaya ya yi shekaru yana aiki, na ɗayan kuma ya ƙone kafin damina ta faɗi. Bambancin yana cikin inda aka ajiye kowane kaya a kan allo da kuma hanyar da aka bi aka haɗa su da jan ƙarfe.

Allon farko da na zana da hannuna ya koya mini wannan. Na jera kayan sahu-sahu domin su yi kyau a ido, na sa manyan kondansata, masu ajiye wuta na ɗan lokaci, a gefe guda, guntun a tsakiya, bobin, wato naɗaɗɗiyar waya, a ɗaya gefen. Da na kunna, mita ta nuna volt 12 daidai, na ji daɗi. Ba a jima ba dattijon tela da ke shagon da ke liƙe da nawa ya leƙo, rediyonsa a hannu tana ta shuuu kamar ana zuba yashi a kan kwano, ya ce, "Ɗana, me ka kunna ne? Labaran rana nake saurare, sai muryar ta ɓace." Na ce, "Baba, yi haƙuri, bari in gwada wani abu." Na zare wayar batir, nan take murya ta dawo tas. Na mayar, ta sake ɓacewa. Ashe allon nawa ya zama ƙaramar tashar watsa hayaniya, kuma dalilin bai wuce kondansatar shiga da na ajiye nesa da guntun da kamar santimita uku ba.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, zan yi misali da guntun LM2596, wanda ya fi kowane sauƙin samu a wurinmu. Yana daddatsa wuta sau 150,000 a daƙiƙa ɗaya, yana ɗaukar har amfer 3, kuma iyakar tansiyon, wato ƙarfin wutar da ake aunawa da volt, da yake aiki da ita a shiga volt 40 ce. Wannan iyaka tana da muhimmanci, domin batir ɗin dalma na volt 24 yakan kai wajen volt 28.8 lokacin da rana ke cajinsa, don haka guntu irin MP1584, wanda ya tsaya a volt 28, bai dace da wannan aiki ba ko da yake yana da kyau a kan batir na volt 12. Ƙafafun LM2596 biyar ne: ta farko shigar wuta, ta biyu fitar makunnin ciki, ta uku mas, wato layin da wuta ke komawa batir ta cikinsa, ta huɗu ta karɓar rahoto, ta biyar ta kunnawa da kashewa.

Mataki na farko ba a kan kwamfuta ake yin sa ba, a kan takarda ne. A ɗauki shema da alƙalami mai launi biyu. Da launi na farko a bi hanyar da kuran, wato gudanar wutar da ake aunawa da amfer, ke bi lokacin da makunnin cikin guntu yake kunne: daga kondansatar shiga, ta cikin guntu, ta bobin, zuwa kondansatar fita, ya koma ta mas. Da launi na biyu a bi hanyarsa lokacin da makunnin yake kashe: bobin ba ta yarda kuran ya tsaya farat ɗaya, saboda haka takan jawo shi ta diyod, wadda ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, ya bi ta cikinta zuwa kondansatar fita, ya koma diyod ta mas. Idan aka dubi takardar, za a ga akwai wuraren da launuka biyun suka hau kan juna, kamar bobin da kondansatar fita. A nan kuran yana gudana a kowane lokaci, hawa da saukarsa kaɗan ne, ba shi da fitina. Akwai kuma wuraren da launi ɗaya kaɗai ya bi, wato kondansatar shiga, da makunnin cikin guntu, da diyod, da ɗan yankin mas ɗin da ya haɗa diyod da kondansatar shiga. A nan ne kuran ke tashi daga sifili zuwa amfer biyu ko uku sannan ya faɗi, sau dubbai a cikin ƙiftawar ido. Wannan kewaye nake kira zoben fizga, kuma duk abin da zai biyo baya a zanen allo shi ake yi wa hidima.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa wannan zobe yake da haɗari, domin wanda ya fahimci dalili ba zai buƙaci haddace doka ba. Kowace waya da kowace hanyar jan ƙarfe tana da wani taurin kai da ake kira indiktans, wanda ke hana kuran canjawa da sauri, kuma a ƙiyasin masu sana'a kowace milimita ɗaya ta siririyar hanya tana da kusan nanohenri ɗaya. Tansiyon da wannan taurin kai ke haifarwa ana samun ta ne idan aka ninka indiktans da yawan canjin kuran, aka raba da lokacin da canjin ya ɗauka. Mu ɗauka zoben ya kai tsawon milimita 60 zuwa da dawowa, kamar yadda nawa na farko ya kasance, wato nanohenri 60 ke nan. Idan amfer 3 suka yanke cikin nanodaƙiƙa 20, lissafi zai ba da volt 9. Wannan volt 9 za ta hau kan volt 28.8 na batir a daidai ƙafar guntun, a wayi gari ana dab da volt 38, alhali iyaka 40 ce. Mita ba ta ganin wannan tsini domin ya fi ƙarfin saurinta, amma guntun yana shan dukansa sau 150,000 a kowace daƙiƙa. Ban da haka, zobe mai faɗi eriya ce, kuma gwargwadon faɗin filin da ya kewaye, gwargwadon hayaniyar da yake watsawa. Abin da rediyon maƙwabcina ta ji ke nan.

Mataki na biyu shi ne ajiye kaya, kuma a nan ne ya kamata mai zane ya kashe mafi yawan lokacinsa. Kafin a ja ko da hanya ɗaya, a ajiye guntun, sannan a ɗauko kondansatar shiga a manna ta kusa da ƙafa ta farko iyakar kusancin da ƙarfen liƙi zai iya shiga. Ba babbar kondansata ta ruwa kaɗai ba. A sa ƙarama ta yumɓu, irin X7R mai ɗaukar volt 50, mai nanofarad 100 zuwa mikrofarad ɗaya ko fiye, ita ce za ta fi kowa kusa da guntun, babbar ta zauna a bayanta. Dalili shi ne ta yumɓu tana amsa kiran kuran mai sauri nan take, ta ruwa kuwa nauyin jiki ne da ita, tana da ajiya amma ba ta da hanzari. Bayan haka a ɗauko diyod ɗin Schottky, kamar 1N5822 ko SS54, a ajiye ta yadda kanta mai alamar layi zai taɓa ƙafa ta biyu ta gajeriyar hanya, ɗaya kan nata kuma ya fuskanci ƙafar mas ta kondansatar shiga. Idan aka yi daidai, kayan nan uku za su zauna kamar duwatsun murhu, kowanne yana kallon ɗan'uwansa, filin da ke tsakaninsu bai fi kan ɗan yatsa ba. A juya su, a sake juyawa, a gwada ta dama a gwada ta hagu, har sai an ga babu yadda za a ƙara matse zoben. Ni kan yi awa guda a kan waɗannan kaya uku kaɗai, kuma ban taɓa ganin wannan awa ta tafi a banza ba.

Sai bayan nan ne bobin za ta samu wurinta, kusa da ƙafa ta biyu, sannan kondansatar fita a bayan bobin, da ƙafarta ta mas tana komawa kusa da inda diyod ta sauka. Mahaɗan waya na shiga da na fita, da fitilar nuni, da fis, su ne na ƙarshe, domin su suna iya jure nisa. Kuskuren da na fi gani wurin matasan da ke zuwa koyon aiki shi ne su fara da mahaɗan waya da ramukan kusoshi, su tsara siffar akwati, sa'an nan su cusa guntu da kondansata a duk inda wuri ya rage.

Mataki na uku ya shafi mahaɗar makunni, wato tsibirin jan ƙarfen da ya haɗa ƙafa ta biyu da diyod da bobin. A zoben fizga kuran ne ke tsalle, a nan kuwa tansiyo ce ke tsalle, daga ƙasa da sifili kaɗan zuwa kusan cikakkiyar tansiyon batir. Duk wani jan ƙarfe da ke maƙwabtaka da wannan tsibiri yana ɗaukar wani abu daga tsallen, kamar yadda bango ke ɗaukar zafin murhun da aka jingina masa. Saboda haka a yi shi gajere, mai faɗin da zai ɗauki kuran kawai, kada a shimfiɗa shi da sunan sanyaya kaya, kada kuma a ratsa da shi zuwa fuskar ƙasa idan ba dole ba. Idan bobin tana da ɗigon da ke nuna farkon naɗi, a haɗa wannan ƙafa da mahaɗar makunni, domin a yawancin bobin farkon naɗi yana can ciki, naɗin waje sai ya zame masa garkuwa. Bobin mai rufaffiyar zuciya, ko mai siffar zobe, ta fi wadda take buɗe kamar ƙwaryar zare, domin buɗaɗɗiyar tana zubar da maganaɗisunta a kan duk abin da ke kusa. A guntayen zamani da ke da kondansatar ɗaga ƙofa, mai taimaka wa guntu kunna makunninsa, wadda galibi nanofarad 100 ce, ita ma a manna ta a ƙafafunta biyu ba tare da zagaye ba.

Mataki na huɗu shi ne mas. Idan hali ya yi, a yi allo mai fuska biyu, a bar fuskar ƙasa gaba ɗaya ta zama shimfiɗar mas guda, ba a yanka ta ba. Kuran mai sauri idan zai koma gida ba ya bin hanya mafi gajarta a ido, yana bin ƙarƙashin hanyar da ya fito ta cikinta ne, kamar inuwa da mai ita, domin ta haka zoben ya fi ƙanƙanta. Idan aka ratsa wata hanya ta tsakiyar shimfiɗar, an haƙa masa rami ke nan a kan turba, dole ya zagaya, zoben da aka sha wahala aka matse ya sake buɗewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. In ya zama dole a ratsa wata siririyar hanya ta fuskar ƙasa, a yi ta gajere, a kai ta gefen allo, nesa da ƙarƙashin guntu da diyod da kondansatar shiga. A kowace ƙafar mas ta kondansata a sa ramukan haɗi, masu haɗa fuskar sama da ta ƙasa, biyu ko uku ko fiye, a liƙe da ƙafar, domin rami ɗaya ma yana da nasa indiktans, kuma ramuka da yawa a jere suna raba shi. Amma kada a dogara da ramuka wajen rufe zoben fizga kansa. Mas ɗin diyod da na kondansatar shiga su haɗu kai tsaye a fuskar sama, ramukan su zama ƙari.

Wanda yake wanke allonsa a gida da ruwan ferklorir, mai cinye jan ƙarfen da ba a so, ba shi da ramuka masu rufin ƙarfe a ciki. Sai ya huda, ya zura guntuwar wayar jan ƙarfe, ya liƙe ta da dalma sama da ƙasa. Wanda kuma allo mai fuska ɗaya kaɗai ya samu, ya cika duk filin da ya rage da mas, kuma idan tsallake da waya ya kama, ya tsallakar da layin sigina, kada ya taɓa tsallakar da wani yanki na zoben fizga.

Mataki na biyar shi ne layin rahoto, wanda ke gaya wa guntu yawan tansiyon da ke fita. A nau'in LM2596 da ake iya daidaitawa, ƙafa ta huɗu tana neman ganin volt 1.23, kuma rezistans biyu, masu tauye gudanar wuta, su ne ke raba tansiyon fita domin a samu wannan adadi. Idan ta ƙasa kilo-om ɗaya ce, ta sama za ta kama kusan kilo-om 8.7 kafin a samu volt 12. Ma'anar wannan ita ce duk wata hayaniya da ta shiga ƙafa ta huɗu guntun zai ɗauke ta gaskiya ce, ya ninka ta kusan sau goma a fita. Don haka rezistans biyun su zauna a gindin ƙafa ta huɗu, ta yadda ɗan yankin hanyar da ke tsakaninsu da ƙafar, wanda shi ne mafi rauni, ba zai wuce ƴan milimita ba. Doguwar tafiyar a bar wa layin da ke ɗauke da volt 12 ɗin, shi ya fi jure tsangwama. A ɗauko shi daga ƙafar kondansatar fita, ba daga ƙafar bobin ba, a bi da shi ta gefen allo, siriri, nesa da bobin da mahaɗar makunni, kuma kada ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da wata hanya mai ɗauke da kuran daddatse. Ƙafar mas ta rezistans ɗin ƙasa a kai ta kusa da ƙafa ta uku ta guntun, inda mas yake a natse, ba kusa da diyod ba. Allon da ke yin ƙara siririya kamar kukan gyare, ko wanda tansiyonsa ke rawa idan aka ƙara masa kaya, sau da yawa ciwonsa a wannan layi yake. Idan tsarin yana da rezistans ta auna kuran, a ɗauko layukan aunawa biyu daga cikin ƙafafunta kai tsaye, su tafi tare a manne da juna har guntu.

Mataki na shida shi ne faɗin hanyoyi, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Kaurin jan ƙarfen allon da aka saba da shi mikromita 35 ne. Bisa ƙa'idar zanen allo mai suna IPC-2221, idan ana so zafin hanyar da ke fuskar waje kada ya ƙaru da fiye da digiri 10, amfer ɗaya yana buƙatar kusan milimita 0.3, amfer 3 kusan milimita 1.4, amfer 5 kuma kusan milimita 2.8. Ni nakan ninka waɗannan sau biyu, ko in zuba faffaɗan fili a maimakon hanya, domin jan ƙarfen da ke kan allo an riga an biya kuɗinsa, wanke shi asara ce. Hanya mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita 50 tana da kusan miliyom 25, wato a amfer 3 za ta cinye milivolt 75 ta mayar da su zafi.

Zafi shi ne mataki na bakwai, kuma a nan ne ya wajaba mu rabu da abin da aka rubuta domin wasu ƙasashe. Yawancin alƙaluman takardun bayani an auna su ne a digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma takan haura digiri 40, balle cikin rufaffen akwati a shago mai rufin kwano. Takardar LM2596 ta nuna cewa nau'in da ake liƙawa a kan allo, idan aka ba shi filin jan ƙarfe na kusan santimita murabba'i 3, zafinsa yana ƙaruwa da digiri 50 a kan kowane wat da ya ɓata, idan kuma filin ya kai kusan santimita murabba'i 16, ƙarin yakan sauko zuwa digiri 30. Mu ɗauka guntun yana ɓatar da wat 2, cikin akwati kuma digiri 55 ne. Da ƙaramin fili cikinsa zai kai digiri 155, ya zarce iyakarsa ta aiki wadda take 125. Da babban fili zai tsaya a 115. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne bayan ƙarfen LM2596 haɗe yake da mas, don haka ana iya liƙa shi a kan faffaɗan filin mas, a huda ƙananan ramukan haɗi masu faɗin milimita 0.3 da yawa a ƙarƙashinsa da kewayensa, su kai zafin fuskar ƙasa. Idan za a ja fiye da amfer 2 dare da rana, shawarata ita ce a ɗauki nau'in da ke tsaye a ɗaura masa ƙarfen sanyaya.

Diyod ma tana zafi sosai, kuma a nan akwai saɓani da dole a sasanta: ana son kondansatar shiga kusa da ita domin zobe, amma kondansata ta ruwa ba ta ƙaunar zafi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarta da rabi. Sulhun shi ne ta yumɓu ta shiga tsakiyar zafin, ta ruwa ta ja baya da kamar santimita ɗaya, a kuma zaɓi mai lambar digiri 105 ba 85 ba, wadda aka yi domin kuran mai tsalle. Wajen sanyaya diyod, a faɗaɗa jan ƙarfen ƙafarta ta mas, kada a faɗaɗa na ɓangaren mahaɗar makunni. Duk wanda ya buɗe akwatunan da ake kawowa gyara bayan bazara ya ga kondansata masu kumburarren kai a jikin diyod ko ƙarfen sanyaya.

Wannan tsari bai tsaya a kan mai rage wuta ba. A mai ƙara wuta, kamar wanda ke ɗaga volt 12 zuwa 19 domin kwamfutar hannu, aikin alƙalami mai launi biyu zai nuna cewa zoben fizga ya koma ɓangaren fita, wato makunni da diyod da kondansatar fita, don haka kondansatar fita ce za a fara mannawa. A wanda ke aiki da wutar NIGELEC ta volt 220 kuma yana da transfo, zobe biyu ne, ɗaya kafin transfo ɗaya bayansa, kowanne a matse shi. Sai dai a nan akwai maganar rai. Babbar kondansatar shiga tana riƙe kusan volt 310, kuma tana iya riƙe su bayan an zare filogi, don haka a sauke ta da rezistans ko ƙwan fitila kafin a taɓa. A ja layi a kan allo tsakanin ɓangaren wutar gari da ɓangaren da hannun mutum ke taɓawa, a bar fili wanda babu jan ƙarfe ko kaɗan a fuska biyun, aƙalla milimita 6, ni nakan bar 8. Abin da zai tsallaka wannan iyaka transfo ne kawai, da mai isar da rahoto ta haske irin PC817, da kondansata mai lambar Y wadda aka yi musamman domin wannan wuri. A ƙarƙashin PC817 a yanka tsaga a jikin allon, domin ƙurar hunturu tana kwanciya a kan allo, idan damshin damina ya same ta sai ta zama hanyar da wuta ke rarrafawa a kai, tsagar kuwa tana katse mata tafiya.

Mataki na takwas shi ne dubawa kafin a wanke allo ko a aika fayilolin zanen, waɗanda ake kira Gerber, masana'anta. Manhajar zanen allo ta KiCad kyauta ce, kuma tana da mai binciken tazara da haɗi, a gudanar da shi har sai bai sami kuskure ba. Amma manhaja ba ta san zoben fizga ba, ita dai ta ga an haɗa. Saboda haka a buga zanen a takarda daidai girmansa, a ɗora kayan a kai a tabbatar ƙafafu sun dace, sa'an nan a sake ɗaukar alƙalamin nan a bi zoben a kan zanen allon kansa, a bi layin rahoto daga farko zuwa ƙarshe ana duba maƙwabtansa, a juya a dubi fuskar ƙasa ko akwai abin da ya yanka mas. Wanda zai aika zanensa Shenzhen ya jira makonni kafin allo ya iso Yamai, ya fi kowa buƙatar wannan haƙuri.

Mataki na ƙarshe gwaji ne. A kunnawar farko a sa ƙwan fitilar mota a jere da wayar shiga, ko a yi amfani da na'urar ba da wuta mai iyakance kuran, domin idan akwai gajeren haɗi fitilar ta kama a maimakon guntun ya ƙone. Idan tansiyon fita ta yi daidai, a cire fitilar, a ƙara kaya kaɗan-kaɗan har cikakken nauyi. Mai osiloskop, na'urar da ke nuna siffar tansiyo a kan gilashi, ya cire doguwar wayar mas mai bakin kada daga sandar aunawa, ya naɗa gajeriyar waya a wuyan sandar, ya auna a kan ƙafafun kondansatar fita kai tsaye, domin doguwar wayar ita kanta eriya ce, tana nuna hayaniyar da ba ta cikin layin. Ya duba mahaɗar makunni ma: idan tsinin da ke kan kowane tashi ya yi tsawo, ana iya kwantar da shi da ƙaramar rezistans da ƙaramar kondansata a jere tsakanin mahaɗar da mas, shi ya sa yake da kyau a bar musu gurbi a zane tun farko. A nan ne kuma ake gane guntun jabu, domin na sha auna wanda aka rubuta wa LM2596 in tarar yana daddatsawa wajen sau 50,000 kawai, irin wannan kuwa bobin da aka lissafa ba za ta ishe shi ba. A allon wutar gari kada a kuskura a maƙala mas ɗin osiloskop a ɓangaren farko sai da transfon keɓewa.

Wanda ba shi da osiloskop ya nemi ƙaramar rediyo mai batir, ya kai ta zangon AM inda babu tasha, ya kunna allon da cikakken kaya, ya riƙa matsowa da ita yana lura da nisan da hayaniya ke farawa. Idan sai rediyon ta kusa taɓa allon ake jin ta, zanen ya yi. Idan tun daga bakin ƙofa ake ji, a koma kan zoben fizga da tsawon wayoyin shiga, a murɗa wayoyin biyu tare kamar igiya. Bayan haka a rufe allon cikin akwatin da zai zauna, a bar shi da cikakken kaya daga azahar zuwa la'asar a wurin da ya fi zafi a shago, sa'an nan a buɗe a auna zafin guntu da diyod da bobin da kondansata ɗaya bayan ɗaya. A rubuta abin da aka samu a bayan takardar zanen, tare da kwanan wata da nauyin da aka ɗora, domin da waɗannan alƙaluma za a gyara zane na biyu.